Aikin Biri Mai Ganga

Duk wanda zai sake kirana Biri-mai-ganga a kasuwar Danja, to ya karanta wannan tukuna. In bai iya ba, ya ba wani ya karanta mashi. Ni ma ba wani boko na yi ba, ajin yaƙi da jahilci na shiga da gemuna, don haka kada wani malamin makaranta ya zo yana gyara mani baƙi. Abin da idona ya gani zan faɗi.

Sunana Ranau, makaɗin noma ne ni, daga wata unguwar Maguzawa tsakanin Danja da Tsiga. Gangar da na gāda sunanta Ta-da-raggo. Kakana ya sassaƙe ta da icen alilliba, ubana ya yi ta kaɗa ta har hannunsa ya fara rawa, sannan ya miƙo mani. In ta yi magana da sassafe, har can bakin fadama ana ji, kowa ya ɗauki fartanya ya nufi gonar gayya. Sai aka shigo da shanun huɗa saboda auduga. Sa ba ya jin kiɗa, ba ya jin kirari. Masu hali suka sayi shanu, marasa hali suka koma ƙwadago, gayya ta yi ta ja da baya har na wayi gari ina da shekara arba'in ba mai nemana.

A nan Sallau ya same ni. Dillali ne ɗan Funtuwa, yana kai fatu kudu yana dawowa da goro, bakinsa kamar an shafa zuma. Ya ji gangata a gonar Sarkin Nomanmu, aka tashi ya ja ni gefe ya ce, "Ranau, wani Bature a Kamaru yana neman makaɗi mai babbar ganga irin taka. Aikin biri mai ganga ne. Ci da sha nashi, kai dai kiɗa."

Wane Bahaushe ne zai ji haka bai fahimci abin da na fahimta ba? Duk mun san masu wasa da biri a kasuwa, ana kiɗa, biri na tsalle yana sara wa mutane. Na ce ashe Turawa ma suna son wannan shiririta. Matata Kande har ta zauna ta ɗinka 'yar jar riga, ta ɗaɗɗaura mata ƙananan ƙararrawa a wuya. Ta ce birin da ke aikin Bature bai kamata ya yi rawa tsirara ba.

Jirgin ƙasa ya kwashe mu daga Funtuwa, Zariya, Kaduna, Kafancan, muka haye gadar Makurɗi, har Inugu. Sallau yana kan benci yana cin tsire, ni ina ƙasa bakin ƙofa na rungume ganga don kada a zauna mata. Daga Inugu muka hau bayan babbar mota tare da buhunan gishiri. Tun daga nan rana ta ɓace mani. Ruwa ake yi ba irin namu ba, wanda zai zo da fushi ya wuce. Wannan zuba yake kamar ba shi da gida. Fatar Ta-da-raggo ta saki, in na taɓa ta sai ta yi wani nishi kamar tsohuwar tunkiya. Daga lokacin kullum da safe sai na gasa ta a bakin wuta kafin ta dawo da muryarta. Abinci kuwa rogo ne, safe rogo, yamma rogo, an canza mashi suna kawai.

A Mamfe, cikin Kamaru, muka sauka a zangon Hausawa. Akwai wata tsohuwa mai ƙosai, Bakatsiniya ce da aure ya kai ta can tun tana yarinya, kowa Gwaggo yake ce mata. Da ta ji harshena sai ta ture kaskon gefe ta ce, "Kai ɗan ina ne?" Na faɗa mata. Ranar ta yi mani tuwon masara da miyar kuka mai daddawa, na ci ina sunkuyar da kai don kada a ga idona. Ta tambaye ni aikin da ya kawo ni, na gaya mata ina dariya, har na fiddo jar rigar na kaɗa mata ƙararrawar. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ɗana, ka taɓa ganin birin?"

Na ce, "Gwaggo, ni da na girma ina korar birai daga gonar dawa?"

Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ga Sallau ya shigo yana cewa a tashi, masu ɗaukar kaya sun gaji da jira.

Daga nan a ƙasa muka tafi, cikin wani daji da in ka ɗaga kai ba ka ganin sama. Sansanin Baturen yana bakin wani rafi: tanti, rumfar ganye, da jerin akwatunan katako masu ƙarfe a gaba. Shi kansa dogo ne, jajir, lofe ba ya barin bakinsa, don haka Mai Lofe ake kiransa. Na durƙusa na gaishe shi, na fiddo rigar na ce wa Sallau ya tambaye shi ina birin yake in gwada mashi. Sallau ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ya juya wa Baturen da Turanci, shi ma ya yi ta dariya yana tari. Ba wanda ya gaya mani abin dariyar.

Kashegari da safe ina gasa ganga sai na ji kiɗa daga cikin daji. Kiɗa sosai, mai nauyi, du-dum, du-du-dum, sannan wani ihu ya biyo baya. Na ce wa wani maharbin Baturen da ke kusa da ni, "Wane gari ne can ake biki?" Sunansa Ayuk, mutumin wannan dajin ne, ya tsinci Hausa a wajen mahauta. Ya ce, "Ba gari. Shi ne. Biri mai ganga."

Ashe suna ne. Sunan wata dabba ne da Hausawan can suka raɗa mata, saboda tana bugun gindin itace irin mai fukafukan nan kamar na rimi. Ba birin da ake yi wa ganga ba, birin da ke da gangarsa. Kalma uku kacal, Sallau ya san yadda zan ji su, ya bar ni na ji su haka. Na tare shi na ce, "Kai, to ni mene ne aikina?"

Ya ce, "Kwantar da hankalinka, ɗan Maguzawa. Bature hotonsu yake son ɗauka, su kuwa ba su tsayawa. An gwada gangunan mutanen nan, muryarsu siririya ce, ba su amsawa. Taka ce mai irin muryar itacen. Ka koyi kiɗansu, ka kira su, ya ɗauki hoto, mu koma gida."

Wannan ita ce ƙarya ta biyu, kuma ta fi ta farko kyau, don na ga akwatin hoton da idona.

Sai na shiga bin Ayuk cikin daji ina saurare. Ran da na fara ganinsu na laɓe bayan itace ina kallo. Wannan ba biri ba ne irin wanda na sani. Ba wutsiya. Baƙi ne, ƙato, da kunne irin namu, da tafin hannu mai zane irin namu. Na ga wata ta karyo tsinke, ta zage ganyen, ta zura a ramin gara ta zaro tana lashewa, ɗanta na zaune gefe ya zuba mata ido yana gwadawa da wani guntun kara da bai kai ko'ina ba. Na ga biyu sun haɗu bayan rabuwa, suka rungume juna suna bubbuga baya kamar 'yan uwa a wajen suna. Ƙarami in zai wuce babba sai ya duƙa ya miƙa hannu, babban ya taɓa, sannan ya wuce. Yaran unguwarmu ma ba duka ke da wannan ladabin ba. Da yamma kowa ya hau sama ya lanƙwasa rassa ya yi gadonsa, gobe kuma sabo.

Ba waliyyai ba ne, kada wani ya ce na ce. Na ga sun kama wani ɗan biri mai jan kai sun yayyaga shi da rai, manya suka raba naman, sauran na miƙa hannu suna roƙo kamar a gidan biki. Ayuk ya ce in suka ritsa baƙo daga wani garke a kan iyakarsu, kashe shi suke yi. Ya ce 'ya'ya maza a gidan uba suke zama har mutuwa, mata ne in sun isa suke tashi su koma wani garke. Na ce to ai gandu ke nan, haka gidanmu yake. Ya ce uwa tana goyon ɗa shekara da shekaru, a ƙirji tukuna, sannan a baya, ba ta sake haihuwa sai ya iya ci da kansa.

Kiɗan kuwa na maza ne, kuma kowa da hannunsa. Wannan ba sai an gaya mani ba, sana'ata ce. Akwai mai gaggawa, akwai mai bugu ɗaya ya tsaya. Akwai wani tsoho mai furfura a haɓa, na sa mashi suna Sarkin Noma don yadda yake tafiya yana duban kowa a wulaƙance. Shi sai ya fara huci a hankali, ya yi ta hawa, ya sheƙo a guje ya daki gindin itacen da ƙafa da hannu: biyu a jere, ya ɗan ja numfashi, sannan uku. Wannan jan numfashin shi ne kiɗan. Na yi kwanaki ina nemansa a fatar Ta-da-raggo. Ran da na same shi na buga daga bakin rafi, dajin ya yi tsit. Can sai tsohon ya amsa. Na sake, ya sake, da fushi. Wallahi tun mutuwar ubana ba wanda ya amsa mani kiɗa da irin wannan zuciyar. Na dawo sansani ina tafiya kamar wanda aka naɗa sarauta. Mai Lofe ya dafa kafaɗata, ya ba ni taba.

Kwana kaɗan bayan haka aka ce ranar hoto ta zo. Aka ajiye ni ni kaɗai a kan wani dutse bakin rafi, aka ce in yi ta bugawa kada in tsaya. Su Mai Lofe da maharbansa suka zagaya ta baya. Na buga, tsohon ya amsa. Na buga, sai na ji mazan duka sun taso suna ihu, suna karya rassa, sun nufo ni su ga baƙon da ya shigo masu ƙasa. Har na hango Sarkin Noma a tsallaken ruwa, gashinsa a tsaye, yana dubana da ganga a rataye. Muna kallon juna aka saki bindiga a bayansa. Aka sake, aka sake.

Ashe aikina ke nan. In janye mazan, a samu matan su kaɗai a kan itacen da suke cin 'ya'ya.

Da na isa wurin, biyu daga cikin matan na kwance a ƙasa. Ɗaya ta faɗo a kan ɗanta, sun tafi tare. Ɗayar, mai tsinken nan ce ta ramin gara, na gane ta da yagaggen kunnenta. Ta mutu, amma ɗan yana manne a ƙirjinta, mutum biyu suna ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya yana ƙara. Akwatin hoton ma ba a fito da shi daga tanti ba. Na shaƙi wuyan rigar Sallau na ce, "Wannan ne hoton?"

Ya ture hannuna ya ce, "Kai ka san nawa ake sayen ɗan nan a ƙasar Turai? Uwar ba ta ba da shi da rai, sai a yi yaya? Maguzawan da ke cin mushe yau su ne da tausayin biri!"

Ayuk yana gefe yana goge bindigarsa. Na ce, "Har da kai? Kai da ka nuna mani gadajensu?" Bai ɗago ba. Ya ce, "Ni ma akwai 'ya'ya."

Aka sa ɗan a akwati. Ya ƙi madara, ya ƙi ayaba, ya dunƙule a lungu ya rungume kansa yana kaɗuwa. Ruwa ake yi, sanyi na shiga. Ba wanda ya ko dube shi sai in za a lissafa kaya. Na rasa abin da zan rufa mashi, sai na ɗauko rigar Kande na zura mashi. Ya kama ɗan yatsana ya ƙi saki. Duk lokacin da ya yi makyarkyata sai ƙararrawar ta yi ƙara. Sallau ya wuce ya ce, "Ka gani, ashe rigar ta yi rana." Da masu ɗaukar kaya suka zo tafiya da shi bakin teku, sai da aka ɓamɓare hannunsa daga nawa kamar yadda aka yi da uwarsa. Suka shige daji da akwatin a ka, ina jin ƙararrawar tana raguwa. Ban san ko ya kai ba.

Dajin ya yi kwanaki ba kiɗa. Na ce sun tashi, na gode wa Allah da duk abin da kakannina ke yi wa yanka. Sai wata safiya, can nesa, biyu a jere, jan numfashi, uku. Mai Lofe ya fito daga tanti yana murmushi, ya nuna ni da lofe. Sallau ya ce, "Gobe."

Na ce, "Ba ni bugawa."

Ya ce, "To da ƙafa za ka koma Danja? Ka san hanya?"

Na ce, "Ko a ciki zan ja, ba ni bugawa."

Sai ya yi wata 'yar dariya, ya sunkuya ya ɗauki Ta-da-raggo, ya rataya a kafaɗarsa. Gangar da ko ƙanena ba ya taɓawa sai da izni. Ya ce, "Kana tsammani kai suke amsawa? Ganga suke amsawa. Kullum ina jinka." Ya ɗauki gula ya buga. Kiɗan banza ne, na ɗan kasuwa, ba numfashi ba komai. Na tsaya ina roƙo a zuciyata kada tsohon ya kula shi. Can sai ya amsa.

Sallau ya ce, "Ka ji? Ka tafi in za ka tafi. Ganga kuwa ta zauna, ta ci kuɗin jirginka."

Suka kwana da ita a tantin Bature. Da safe fatar ta saki kamar kullum, Sallau ya buga ta yi mashi nishin tunkiya. Ya kai ta bakin wuta ya kusa ƙona ta, ya rasa yadda ake yi, dole ya kira ni. Ya ce, "Zo ka gasa mana, ko wannan ma addininka ya hana?" Na ce kawo. Na zauna bakin murhu ina juya ta a hankali, ina shafa fatar da tafin hannu yadda ubana ya koya mani, har ta ɗaure ta dawo da muryarta. Na san in na yaga fata, akuya ba ta ƙare a Kamaru ba, kafin yamma za su ɗaura wata. Muryar a cikin icen take. Gatarin faskare yana jingine nan kusa. Na ce, "Baba, kana gani, ba raini ba ne." Na ɗaga na sauke a tsakiyarta. Icen da ya fi ni shekaru, bai tsage a sara ɗaya ba, sai da na ƙara, na ƙara, sannan ya buɗe biyu na tura cikin wuta.

Abin da ya biyo baya ga shi a bakina, haƙora biyu na gaba gindin bindiga ne ya ɗauke su. Mai Lofe bai taɓa ni ba, ba ya ɓata hannunsa, tsayawa ya yi yana zuƙar lofe har yaransa suka gaji da dukana. Suka jefo mani buhuna. Ayuk ya biyo ni a ɓoye har inda hanya ta rabu, ya nuna mani ta Mamfe, ya tura mani gasasshiyar ayaba a hannu ya juya ba ko sallama. Ban yafe mashi ba, amma na ci ayabar.

Da na isa Mamfe, Gwaggo mai ƙosai na ganina ta ja ni ɗakinta. Ta dafa ruwa ta gasa mani baki, ta yi ta ba ni kunu har na iya tauna. A tashar mota ina zaune ina zagin Sallau da uwarsa da ubansa a fili, sai wani direba Ibo ya tsaya ya ce, "Kai, wannan ashar ɗin ta ƙasar Katsina ce! Baba, daga ina?" Ashe a Sabon Garin Funtuwa aka haife shi, Hausarsa ta fi ta Sallau tsabta. Manja yake ɗauka zuwa arewa ya sauko da wake. Ya ce in hau. Haka na dawo, da furfurata ina karen mota, ina sa wa taya waigi a kan tudu, shi kuma yana raba abincinsa biyu yana tsokanata wai in yi mashi kirari ko da baki ne.

Na sani sarai mai yiwuwa sun sami wata gangar, ƙasar Hausa ba ta rasa mayunwacin makaɗi ba. Sallau dai ya dawo bayana da shekara guda, ya sayi shanun huɗa, ya je Makka, yanzu Alhaji ne, in ya shigo kasuwa tashi ake yi a ba shi wuri. Shi ya ba da labarina yadda ya ga dama: wai Ranau ya je Kamaru yi wa biri kiɗa, biri ya ƙwace gangar ya fasa mashi baki. Shi ke nan suna ya bi ni. Kuna dariya, ba ɗayanku da ya taɓa tambayata. Da aka yi gayya bara aka aro mani wata ganga, na rataya, hannuna ya tafi da kansa: biyu, numfashi, uku. Manoma suka ɗago suna tambayar taken wa ke nan. Na sauke ta na tafi gida, ban sake ba.

Kande kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ran da na dawo ta dubi bayana ta ga ba ganga, ta dubi bakina, ta shiga ta ɗora ruwa. Sai bayan kwana da kwanaki, muna zaune tana sussukar dawa, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Wai rigar nan, ta yi wa birin daidai?"

Na ce, "Ta yi mashi yawa. Jariri ne."